Yadda Ake Kula da Sanda Mai Haske ta Ba da Hannu

Mai ba da hannu da dare, ko a mararraba yake, ko wurin gyaran titi, ko filin jirgin sama, abin da direba ke fara hangowa shi ne sandar da ke hannunsa. A harkar jiragen sama ma doka ce: ƙa'idojin ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, sun ce da dare, ko lokacin da ba a gani sosai, da sanda mai haske za a yi wa matuƙi ishara. Ƙananan ƙwayayen fitila na LED da ke cikin sandar ba kasafai suke mutuwa ba. Abin da ke kashe ta batir ne da ruwa da faɗuwa. Kuma galibi ba ta mutuwa farat ɗaya, dusashewa take yi sannu a hankali, mai riƙe da ita kuwa shi ne zai gane daga ƙarshe, domin a kusa da idonsa tana nan jawur kamar kullum.

Saboda haka matakin farko shi ne gwaji kafin a fita aiki, kuma daga nesa. Kunna ta, ka danna makunnin ka bi duk yanayin da take da shi, hasken da ke tsaye da mai ƙyaftawa. Girgiza ta sosai kamar yadda za ka yi a bakin aiki. In hasken yana ɗaukewa yana dawowa, ko murfin ƙasa bai ɗauru ba, ko sifirin ɗin da ke danne batir ya saki. Daga nan ka miƙa wa abokin aiki ya ɗaga, kai kuma ka ja baya kamar taku ɗari a wuri mai duhu, ka dube ta da idon direba. In akwai wata mai sabon batir, a ɗaga su tare. Nan take bambancin zai fito. Wanda ke aiki da sanda biyu ya tabbatar haskensu ɗaya ne, don matuƙin da ya hango ɗaya tana ci ɗaya ta dushe yana iya ɗaukar ishara ta hannu biyu a matsayin ta hannu ɗaya, ma'anarsu kuwa ba ɗaya ba ce.

Sai batir, inda mafi yawan ɓarnar take. Wasu sandunan suna cin batir na zubarwa, girman D ko C ko AA, kowanne bolt 1.5. Wasu kuma masu caji ne, galibi da batirin litiyom mai bolt 3.7 wanda ke kai 4.2 in ya cika. In taka mai batirin zubarwa ce, ka canza su gaba ɗaya lokaci guda, iri ɗaya, kamfani ɗaya. Kada ka haɗa sabo da tsoho don tattali: sabon zai ci gaba da tura wuta ta cikin wanda ya ƙare har ya sa shi yoyo. Kada ka jira sai ta mutu murus. Da zarar gwajin nesa ya nuna ta ragu, canza. Batiran caji irin NiMH suna shiga gurbin na zubarwa, amma bolt 1.2 suke bayarwa, don haka a wasu sandunan hasken yakan ɗan yi ƙasa. Gwada ka gani kafin ka dogara da su.

In za a ajiye sandar fiye da 'yan makonni, cire batiran. A ganina wannan ɗabi'a guda ta fi duk sauran ceton sanduna, domin wasu daga cikin waɗanda ake zubarwa ba a bakin aiki suka lalace ba, a cikin akwati batir ya fashe musu.

In ka buɗe murfi ka tarar da farin gari ya daskare a kan sifirin, kada ka yanke ƙauna tukuna. Ruwan cikin batir ne ya fito ya bushe, kuma yana cin fata, sai ka sa safar hannu, ka kiyaye idonka. Zazzage batiran, ka kakkaɓe garin a kan takarda. Tsoma auduga mai tsinke a ruwan binega ko na lemun tsami, ka shafa a wurin kaɗan-kaɗan; za ka ga yana 'yar kumfa, alamar tsamin yana kashe kaifin abin ke nan. Goge da tsohon burushin haƙori har ƙarfen ya fito, ka bi da auduga mai sifirit, ka bar sandar a buɗe ta bushe ƙarau kafin ka mayar da batir. In tsatsa ta riga ta cinye sifirin har yana karyewa, sai a canza shi ko a haƙura da sandar.

Mai caji kuma nata sha'anin daban ne. Yi amfani da cajar da ta zo da ita ko wadda ta yi daidai da abin da aka rubuta a jikinta. Kada ka yi caji a cikin rana ko a wurin da sanyi ya kai ruwa na daskarewa, kuma kada ka bar ta a jone kwana da kwanaki ba mai dubawa. In ajiya za ka yi mai tsawo, bar ta da kusan rabin caji, ka riƙa ɗan ƙara mata bayan kowane wata uku. Batirin da ya kumbura, ko yake zafi fiye da kima, ko yake wari, a cire shi nan take a kai inda ake karɓar tsofaffin batura, ba a jefa shi cikin wuta ko shara.

Wanke jikinta abu ne mai sauƙi, amma a nan ake yawan yin kuskure. Hayaƙin mota da ƙura da maiƙon hannu suna rufe bututun robar da hasken ke fitowa ta cikinsa, su rage hasken ko da batir sabo ne. Tsumma mai laushi da ruwa da ɗan sabulu sun isa. Fara ɗauraye ƙurar kafin ka goga, in ba haka ba yashin da ke ciki zai kakkarce robar. Kada ka kusanto da fetur ko kananzir ko tina (ruwan tsinka fenti) ko ruwan cire jan farce: irin robar da ake yin bututun da ita takan yi hazo ko ta tsattsage in sun taɓa ta, kuma ba ta komawa daidai. In gindin sandar yana da maganaɗisu, goge ɓurɓushin ƙarfen da ya tara.

Game da ruwa, duba lambar da ke jikin sandar ko kwalinta. IPX4 na nufin tana jure fantsalar ruwa kawai. IP65 tana hana ƙura, tana jure feshi, amma ba a tsoma ta. IP67 ce ke jure nutsewa zurfin mita 1 na minti 30. Duk wannan alkawari ya dogara ne da ɗan siririn zoben roba da ke bakin murfin batir. Duk lokacin da ka buɗe, dube shi: in ya bushe, ko ya tsage, ko yashi ya maƙale a jikinsa, ruwa ya sami hanya. Goge shi, ka shafa masa ɗan giris na silikon, ba man shafawa na jiki ko man inji ba, don waɗannan suna kumbura wasu nau'o'in roba. Ɗaura murfin har ya zauna, ba sai ka murɗa da ƙarfin tsiya ba. In sanda mai caji ce, rufe marfin ramin caja kafin ka shiga ruwan sama. Bayan aiki a cikin ruwa, goge ta, ka buɗe murfin, ka cire batir, ka kifa ta a inuwa inda iska ke kaɗawa. In ka ga raɓa ta taru a cikin bututun, kada ka kunna sai ta bushe.

Zura hannunka cikin igiyar mariƙin kullum, kuma in ta fara tsinkewa ka canza ta. Sandar ba ta bugun bodin mota ba ce, ba ta tura shinge ba. Bugu ɗaya yana iya tsinka wayar ciki ko da waje bai nuna komai ba. A filin jirgi abin ya wuce asarar sanda: ɓallin roba ko murfin da ya faɗi a dandamali injin jirgi yana iya zuƙe shi, saboda haka duk abin da ya ɓalle sai an nemo shi an tsince.

Wurin ajiya ya zama busasshe, mai inuwa. Gaban gilashin mota a cikin rana shi ne mafi muni: zafi yana rage ran batir, rana kuma tana koɗe jan launin bututun. Rataye su ko ka jera su a jaka mai gida-gida, kada a ɗora musu kaya masu nauyi. Inda sandunan suke da yawa, a sa wa kowacce lamba, a rubuta ranar da aka canza mata batir a ɗan salatif a jikin mariƙi, a kuma ware wadda ta sami matsala daga cikin masu lafiya don kada wani ya ɗauka cikin gaggawa.

Sandar da bututunta ya tsage, ko wani sashe na ƙwayayenta ya daina ci, ko makunninta sai an daddanna kafin ya amsa, ta gama aikin titi. Naɗe ta da salatif ba gyara ba ne. A cire mata murfi da zoben roba da igiya don gyaran wasu. Mai fita aikin dare kuma ya tafi da batiran canji a busasshiyar leda, da sanda ta biyu wadda ita ma an gwada ta daga nesa.