Yadda na gano ƙarar da ke fita a ƙarƙashin motata

Kusan sati biyu ke nan motata tana wani ƙwas-ƙwas daga ƙasa, ɓangaren gaba na hagu. In na hau titin Zariya ina gudu, shiru kake ji. Amma da na shigo lungunmu na Gwammaja a hankali, taya ta faɗa rami, sai ta fara.

Kafin in je gareji na yi gwaji da kaina. Na murɗe sitiyari har ƙarshe na zagaya fili: babu ƙara, ke nan ba shaf ba ne, wato ƙarfen da ke juya taya, don shi yana kuka ne wajen kwana. Na taka birki, nan ma lafiya. Na danna gaban motar da ƙarfi na saki, ta tashi sau ɗaya ta tsaya, shokoziba ma ba ta mutu ba, duk da wani maƙwabcina ya rantse ita ce.

Bakanikena ya ɗaga motar da jak, ya girgiza tayar sama da ƙasa, hagu da dama, ba ta motsa ba. Sai ya kama ɗan siririn ƙarfen da ke haɗa shokoziba da sitabilaiza, wato sandar da ke rage karkatar mota wajen kwana, ya ce: "Alhaji, taɓa nan ka ji." Robarsa ta yage, giris ya tsiyaye, kan yana rawa a gurbinsa.

Na sayo guda biyu a Ƙofar Ruwa, muka canja hagu da dama tare. Da yamma na bi ramukan lungun da gangan, ban ji komai ba.