Darasi na 7: Kafin ka ba lauya kuɗinka, ka san ko lauyan ne

Jama'a barkanmu da war haka. Darasin yau na ɗauko shi ne saboda abin da ya samu wata maƙwabciyata mai saida kayan miya a kasuwar Muda Lawal da ke nan Bauchi. An kama ɗanta, ta je harabar kotu hankalinta a tashe, sai ga wani mutum da baƙar kwat da jaka a hannu, ya ce Hajiya kwantar da hankalinki ni barista ne, yau ɗin nan zan fito da yaron. Tumakinta biyu ta sayar ta kai masa kuɗin. Ranar zama aka kira shari'a, ta waiga babu shi, wayarsa a kashe. Wallahi har yau in na tuna yadda ta zauna a dakali tana share hawaye da gefen mayafi raina ɓaci yake.

To kwat dai kowa na iya sayenta a gwanjo, turanci kuma ɗan kamasho ma yana yi. Lauya na gaskiya sai ya yi digirin shari'a a jami'a, galibi shekara 5, ya wuce makarantar horas da lauyoyi ya yi shekara 1, muna da reshenta a Bagauda ta jihar Kano da kuma Yola, hedikwata tana Bwari a Abuja. In ya ci jarabawa a rantsar da shi, sannan a rubuta sunansa a rajistar Kotun Ƙoli a ba shi lamba tasa shi kaɗai, wadda take farawa da harufan SCN. Wanda sunansa ba ya cikin rajistar nan dokar lauyoyi ta 1975 ba ta yarda ya tsaya wa kowa a matsayin lauya ba, ko da ya gama jami'ar, kuma yin sojan gona laifi ne da ake ɗaure mutum a kai.

Ku riƙe harufan nan uku, ku rubuta su a littafinku yanzu: S, C, N.

Abu mafi sauƙi da za ka duba da idonka shi ne sitam. Ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, NBA, tana ba kowane lauya ɗan ƙaramin sitam da yake mannawa a takardar da ya sa wa hannu, ko ta kotu ko yarjejeniyar fili. A jiki akwai sunansa da lambarsa da lokacin da sitam ɗin zai daina aiki, don duk shekara sai lauya ya biya kuɗin izinin aiki kafin ƙarshen watan Maris. Ka sa yatsa a kan sunan ka karanta a hankali, ka gwada da sunan da ya faɗa maka. In karatunka bai kai ba tukuna ka tafi da ɗanka ko jikanka. Wasu 'yan sojan gona sitam ɗin wani suke ara, shi ya sa nake cewa a karanta sunan, kar a tsaya ga ganin kala. Kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, takardar da wanda ba lauya ba ya sa wa hannu kotu na iya watsar da ita, ka yi asarar kuɗi da watanni kana zirga-zirga.

Na san abin da ke hana mu tambaya, kunya ce, a ce ka raina babban mutum. Ba raini ba ne. Ce masa za ka yi, ranka ya daɗe barista, don Allah rubuta min cikakken sunanka da lambarka da inda ofishinka yake. Na gaskiya zai rubuta ba tare da ya ɓata rai ba. Wanda ya fara faɗa ko ya ce sauri yake a kawo kuɗi tukuna, to ja da baya. Ka taka da ƙafarka har ofishin, a can za ka biya, ka karɓi rasit mai sa hannu, kar ka miƙa kuɗi a gindin bishiya. In har zuciyarka ba ta kwanta ba NBA tana da reshe nan Bauchi, kai musu sunan su duba maka, ko ka tambayi rajistaran kotu.

Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya kuma akwai hukumar Legal Aid ta gwamnatin tarayya, tun 1976 take, tana tsaya wa marasa ƙarfi kyauta, tana da ofis a jihar nan.

Aikin gida: duk mai takardar fili ko ta haya da lauya ya yi, ya zo da ita ranar Asabar, za mu nemo sitam ɗin tare mu karanta sunan da lambar da babbar murya. Inna da ke zama a baya, ke ma ki zo da taki.