Yadda Za Ka Yaƙi Gulma da Suratul Hujurat

Wanda ke son gyaran hali kada ya ɗebo halaye goma a lokaci guda. Ya zaɓi ɗaya. Mu ɗauki gulma, domin ita ta fi cin ladan mutane a majalisa da zaurukan WhatsApp.

Buɗe sura ta 49, aya ta 12. Bayan sallar Asuba ka karanta ta sau uku a tsanake, sannan ka duba fassararta da Hausa. Tsaya a inda Allah Ya kamanta mai gulma da mai cin naman ɗan'uwansa matacce. Kada ka wuce da sauri. Kawo fuskar wanda ka fi yawan ambata a bayan idonsa, ka sa shi cikin ayar. Nan ne zuciya ke girgiza.

Sai ka tanadi abin yi tun kafin ka fita: idan an soma taɓa wani, ko ka faɗi alherinsa ɗaya, ko ka sauya magana, ko ka tashi. Kafin barci ka tuna inda harshe ya zame, ka yi istigfari, ka yi wa mutumin addu'a da sunansa.

Inda aka fi faɗuwa shi ne "ai gaskiya na faɗa". Annabi (SAW) ya rufe wannan ƙofa: in abin yana tare da shi ka yi giba, in babu ka yi masa ƙazafi. Wasu kuma kunyar abokan hira ke kayar da su, don haka nemi mutum ɗaya a majalisar ku riƙa tunatar da juna. Sai harshe ya saba sannan ka koma aya ta 11, kan izgili da laƙabin banza.