Idan birni ya haɗiye ƙauyenku: yadda manomi zai tsare gonarsa a kewayen Kumasi

Ranar da aka mayar da ƙauye ƙarƙashin majalisar birni, ba a taɓa mallakar ƙasa ba. Ƙasar tana nan a hannun sarkin garin, a ƙarƙashin Asantehene, babban sarkin Asante. Abin da ke canzawa shi ne darajarta, kuma nan ne baƙo mai noma yake shan wuya, musamman ɗan zango da ya gaji gona bisa yarjejeniyar baka ta abunu ko abusa, wato raba amfanin gona da mai ƙasa gida biyu ko gida uku. Da zarar an zana taswirar unguwa, eka ɗaya ta masara ta zama fuloti kusan huɗu, sai ka wayi gari ka ga turakun siminti a tsakiyar kunya.

Saboda haka fara da takarda tun kafin masu awo su iso. Ka je wurin sarkin da dattijo biyu, a rubuta yarjejeniyar: girman gonar, shekarun da aka ba ka, da abin da za a biya ka idan an karɓe ta da amfani a ciki. Dokar filaye ta Gana ta 2020 ta tanadi sakatariyar filayen gargajiya domin adana irin wannan.

Wurin da gidanka yake kuwa, takardar rabon fili da sarki ke bayarwa ba ta wadatar ba. Nemi mai awon fili mai lasisi ya fitar maka da taswira, a kai sakatariyar filaye ta Asantehene a Manhyia, fadarsa da ke Kumasi, sannan Hukumar Filaye ta yi rajistar hayar. Wanda ba ɗan Gana ba, hayarsa ba ta wuce shekara 50. Ka tsaya da kanka ranar awo tare da maƙwabta, domin yawancin rigima daga turke ɗaya take tashi, wanda aka kafa ba a gaban kowa ba.

Sauran na majalisa ne. Harajin gida zai fara zuwa, ka biya ka ajiye rasit. Kada ka ɗora bulo ko ɗaya ba izinin gini, in ba haka ba jan fentin majalisa na dakatar da gini zai hau bangonka. Awaki da tumaki a ɗaure su, don dokar birni na kama dabbar da ke yawo, sai an biya tara a sake ta. Ka tambayi asambuliman ɗinku, wato wakilin unguwarku a majalisa, ko an ware wani yanki na noma a taswirar, kuma ya nuna maka ita da idonka a ofishin tsara gari.