Yadda ake karanta zanen fure da ƙwari a jikin tsoffin tasoshi

A gidaje da yawa a Sakkwato akwai tsohuwar tasa ko tiren tagulla da aka gada daga kayan jeren kaka, wani tsarabar Makka ne, wani fatake suka kawo. Zanen jikinsu na da ma'ana, amma sai ka san ƙasar da aka yi su kafin ka fassara.

Da farko, kada ka dirje shi da toka da lemun tsami kamar tukunya. Dirza ce ke cinye zane. Ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi sun isa. Idan ya bushe, shimfiɗa farar takarda a kai, ka goga fensir a kwance. Layukan da suka dushe za su fito fili.

Sannan ka kife shi ka duba gindi, ko akwai hatimi ko rubutu da zai nuna ƙasar da aka yi shi.

In ka ga ganye da rassa sun sarƙe juna, babu ƙwaro ko ɗaya, galibi hannun Musulmi ne, domin masu wannan sana'a kan kauce wa surar abu mai rai. Furannin suna tuna wa mai kallo lambunan Aljanna. Dogon fure mai tsinin baki, wato tulif, Turkawan Daular Usmaniyya ne suka fi shahara da shi.

Malam-buɗe-littafi ne ya fi rikita mutane. A kayan Sin farin ciki ne da soyayyar ma'aurata, shi ya sa ake jera su biyu-biyu. A tsohon zanen Turai kuwa rai yake nufi, da tashi bayan mutuwa, saboda daga tsutsa yake fitowa. Ƙuda a kan fure a wurin Turawa tunatarwa ce cewa kyau na ruɓewa. Ƙudan zuma himma ce da sarauta, har Napoleon na Faransa ya mai da shi tambarinsa a 1804. Buzuzu kuma na Misira ne: mutanen zamanin Fir'auna sun ga yana mirgina kashi, suka kamanta shi da mai tura rana kowace safiya. Wani lokaci za ka gan shi kusa da furen bado.

Kada dai ka matsa wa kowane layi sai ya yi magana. Maƙeri kan cike gurbi don kawai kada wuri ya zauna fayau. In zanen ya gagare ka, ɗauki takardar nan ka kai wa dattijan maƙera, ko ka leƙa gidan tarihi na Waziri Junaidu ka gwada da abin da ke ajiye can.