Yadda Ake Auna Sauƙin Albaras da Hoton Fata

Albaras, farin tabon da likitoci ke kira bitiligo, sauƙinsa a hankali yake zuwa. Mutum zai yi wata biyu yana shafa magani, kullum ya duba madubi ya ga kamar jiya i yau, sai ya watsar da maganin. Alhali ba a yanke wa maganin albaras hukunci kafin wata 3 zuwa 6, ko na shafawa ne irin su takrolimus, ko hasken asibiti da ake haskawa sau 2 ko 3 a mako. Hoto ne zai raba gardama, in an ɗauke shi bisa ƙa'ida.

Ƙa'idar guda ɗaya ce: komai na hoton yau ya zama daidai da na ranar farko. Waya ɗaya, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, tazara ɗaya. A zaɓi inuwa mai haske, kamar bakin zaure ko baranda da hantsi, domin ranar Zariya in ta take tana sa fata ƙyalli, gefen tabon ya ɓace. A kashe filasha. A shiga saitin kyamara a kashe abin gyaran fuska, wanda wasu wayoyi ke zuwa da shi a kunne. Yana shafe ƙananan ɗigon launi, su kuwa su ake nema. A auna tazarar da tef ɗin tela, misali santimita 30, a rubuta. Kyamara ta fuskanci tabon kai tsaye, don in ta karkace faɗin zai fito ƙasa da yadda yake.

Kada a ɗauki hoto babu rula. Ƙaramar rular 'yan makaranta ta isa, a kwantar da ita a kan fatar, dab da tabon. In aka ɗaga ta sama da fata ko da kaɗan, lissafin duka ya lalace.

A wanke wurin, a bar shi ya bushe, kada a shafa mai ko hoda ko kwalli. Lokacin hunturu fata kan yi furu-furu har lafiyayyen wuri ya yi kama da tabo, don haka a shafa mai tun da dare, da safe a wanke. Mai lalle a hannu ta jira ya fita. Wanda ake haskawa a asibiti ya ɗauki hotonsa kafin haskawa, domin jan da fata ke yi bayanta yana ruɗar da awo.

Sai aunawa. Akwai manhajar ImageJ, kyauta ce, daga Cibiyar Binciken Lafiya ta Amurka. A buɗe hoton a kwamfuta, a ja layi a kan rular daga 0 zuwa santimita 5, a shiga Set Scale a rubuta 5. Daga nan a zagaye gefen tabon da hannu, a danna Measure, faɗin zai fito, wato girman filin da tabon ya mamaye. A yi sau uku a ɗauki matsakaici, kuma mutum ɗaya ya riƙa yi, domin hannu ya bambanta. In faɗin farko 12 ne, bayan wata uku ya koma 9, an samu 3 cikin 12, wato kashi 25 cikin ɗari.

A nan mutane da yawa ke kuskure. Sau da dama launi ba daga gefe yake fara dawowa ba, daga ramukan gashi yake tsirowa, ɗigo-ɗigo masu duhu kamar an barbaɗa gero a tsakiyar farin. Wanda ya zagaye gefe kawai zai ce ba a samu komai ba. Dole a zagaye ɗigon su ma a cire faɗinsu. Akasin haka, ƙananan fararen ɗigo a wajen tabon, ko sabon fari a inda aka ƙuje ko aka yanke, alama ce ciwon yana tafiya, a koma wurin likita ba sai an jira wata uku ba.

A auna kowane wuri daban. Fuska da wuya sun fi saurin amsa magani. Yatsu, leɓe da ƙafa suna da taurin kai, haka ma inda gashi ya yi fari. A wuri mai lanƙwasa kamar gwiwar hannu, hoto yana rage faɗi, gara a ɗora farar leda mai nuna ciki a zana gefen da alƙalamin maka, a ɗora ta a takardar giraf a ƙirga gidaje. Tabo mai yawa kuwa likitoci da tafin hannun mai ciwon suke ƙiyasta shi: tafi da yatsunsa kusan kashi 1 cikin ɗari ne na fatar jiki.

Hoto ɗaya a wata ya isa. A sa wa kowanne kwanan wata da sunan wurin. In za a tura wa likitan fata, a asibitin koyarwa na Shika da ke kusa da Zariya ko wani wuri, a tura ta WhatsApp a matsayin fayil, domin turawar hoto ta yau da kullum tana matse shi ta cinye ƙananan ɗigon.