Yadda ake haɗa ɗan jirgin sama na wasa da katakon balsa

Wanda bai taɓa riƙe balsa ba zai rantse soso ne aka shafa wa kalar katako, don wallahi ko farce ka danna masa sai ya loɓa. Itacen ƙasashen Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, mafi yawan wanda ke kasuwa daga Ekwado yake fitowa, kuma abin mamaki dangin kuka da rimi ne. Yana saurin girma, shekara 6 zuwa 10 an sare shi. A Yaƙin Duniya na Biyu har jirgin yaƙi na Mosquito Ingila ta sa wa shi a jiki, yanzu kuma ana cusa shi cikin fukafukan manyan fankokin nan masu samar da lantarki da iska.

To mu ƙarami za mu yi. Ka nemi falle mai kaurin milimita 1.5 na fiffike da wutsiya, sai mai milimita 5 na gangar jiki. Fara zana siffar a takarda, ka ɗora kan katakon ka bi da fensir, kar ka danna.

Wurin yanka nan ake yin ɓarna. Duba jijiyoyin katakon, su bi tsawon fiffike ba faɗinsa ba, in ka saɓa haka jifa ɗaya zai karye gida biyu. Sabuwar reza za ka sa da rula ta ƙarfe, ka ja a hankali sau uku ko huɗu maimakon ka ce sai ka raba shi lokaci guda, don dakusasshiyar reza murƙushe balsa take yi kamar biredi.

Sai ka goge gefuna da sanfefa mai laushi. Ka tsaga tsakiyar fiffiken kaɗan ka ɗaga bakunan sama, shi ke hana shi kifewa gefe. Wurin manna fiffike da wutsiya a gangar jiki, gam ɗin kafintoci fari ya wadatar, amma ɗis kawai, gam ma nauyi ne. Fenti kuwa ni ban ba da shawara ba, katakon shanye ruwa yake kamar me.

In ya bushe ka ɗora shi kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, wajen kashi ɗaya cikin uku na faɗin fiffiken daga gaba. Ya rinjayi baya? Manna ɗan cingam ko laka a hancinsa. Jefa shi a hankali inda babu iska, in ya ɗaga kai ya faɗo ƙara masa, in ya nufi ƙasa kai tsaye ka rage.